Haƙori Talatin da Biyu

Gembu, Lahadi 19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Kawu Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Bilki da mutanen gida duka. Yaya kunnen? Ni lafiya ƙalau nake, sai sanyi da ruwan sama da ba sa ɗagawa a nan.

Kwana goma ina kiran wayar Inna ba ta shiga, hankalina duk ya tashi, sai 'yarka Rahama ta gaya mini an yanke layin waya a Jibiya saboda 'yan bindiga. Ita ta kawo wannan dabara: in rubuta da hannu, in ɗauki hoton takardar in tura mata Katsina, ta buga ta ba Shamsu direba ya kai maka rumfarka a Magama. Amsarka ma ta hanyar za ta biyo. Ta ce da ma kai ba ka jin rabin abin da ake faɗa a waya.

Kawu, makarantar ta karɓe ni, amma gwaji ne na zango ɗaya. Lissafi nake koyarwa. Matsalar ita ce makarantar tana can saman tudu, ni kuwa ɗakin da na samu a ƙauyen ƙasa yake, gefen rafi, don gidan malamai ya cika. Kwalta ce har sama, kilomita huɗu, amma ban taɓa ganin hanya a tsaye haka ba. Ba irin gangaren dam ɗinmu ba ne. Keken tseren nan da ka haɗa mini, wanda yake gudu kamar iska tsakanin Jibiya da Magama, a nan ya ƙi. Kafin in sha kwana ta biyu a hawan, feda ta ƙage. Masu ƙafa biyu miƙewa suke yi a kai su danna, ni kuwa ka san ta hagun tun shan inna ba ta ɗaukar nauyina. Sai in sauka in tura. Tafiyar ƙasa ita ce abin da na fi kasawa. Ina isa an gama darasin farko, rigata jiƙe, ƙafar tana rawa.

Shugaban makarantar ba mugu ba ne, amma ranar Alhamis ya ce da ni, "Malam Abdulfatah, ban raina iliminka ba, amma ba zan bar aji babu malami kullum da safe ba." Acaba ba kullum ake samu da sassafe ba, albashin sabon malami kuma ba ya ɗauka.

Na ƙirga haƙoran giyar keken kamar yadda ka koya mini. Farantan gaba hamsin da biyu da arba'in da biyu. Na baya guda biyar ne, babbansu ashirin da huɗu. Wani mai gyara a nan ya kawo sabon firiwil, wato farantan bayan, mai manyan haƙora, ya yi ta murɗawa ya ƙi shiga. Ya ce in jefar da keken. Ka san ba zan iya ba.

Shawara nake nema kawai. Me zan yi?

Ɗanka,
Abdulfatah

Magama, Jibiya, Lahadi 26 ga Satumba

Zuwa ga ɗana Fatahu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta sau uku, sannan na karanta wa Bilki. Muna lafiya, Alhamdu lillahi. Kunne yana nan yadda ka bar shi, na dama ya mutu, na hagu yana shure-shure. Allah shi jiƙan mahaifiyarka Mutmainna, da tana nan da ta ji an kira ka Malam.

Gari dai ga shi nan. Ƙofar iyaka a rufe, manyan motoci sun yi layi har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Yau Lahadi amma babu kasuwa. Abin dariya, tun da aka takura babura ni ne na zama mai gari. Mutanen Kusa da Mazanya sun tono tsofaffin kekuna daga bayan rumbu, wasu har kaji sun yi ƙwai a kwandonsu, kowa a gyara mishi yau. Ban taɓa liƙa taya haka ba tun ina saurayi.

To, batun kekenka. Mai gyaran nan ka gaya mishi shi cire hannunshi, kada shi cinye maka ɗaurin wili. Wanga keke ƙirar Faransa ne, tsoho, a Maraɗi na saye shi. Ɗaurinshi daban ne da na kayan da ake sayarwa yanzu, ko shekara za a yi ana murɗawa ba su haɗuwa.

Ciwon ba a ƙafarka yake ba, a haƙori yake. Ni ne na haɗa shi don shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ban san dutse za ka hau ba. Ka ɗauka buhun gero ne za ka kai ɗaki. Ko ka saɓa shi gaba ɗaya, ko ka riƙa kwasa da kwano kana yawan sawu. Babban haƙori a baya shi ne kwanon. Za ka yi ta juya feda da sauƙi, keken yana tafiya kamar hawainiya, amma ba ya tsayawa. Abin da kake buƙata mai talatin da biyu ne, da doguwar kaca, da dogon hannun da ke ɗaga kacar, don naka gajere ne ba ya kaiwa.

Na zazzage buhunan ƙarafana duka, babu. Na aika Katsina, babu. Wanda na san zai iya ajiye irinshi mutum ɗaya ne, Zunnuraini, wani tsohon abokina a Maraɗi. Su can pinyo suke ce wa wanga ƙarfe. Amma tsallakawa yanzu sai ta daji, dajin kuwa ka sani. Maƙwabcinmu Nagoggo ya bi ta nan da rani, sai da aka yi wata biyu kafin a gan shi, har yanzu ba ya son magana. Bilki ta sa na yi mata alkawari ba zan bi ba. Sai mu jira a buɗe ƙofa.

Kafin nan ka yi wannan. Ka bar littattafai a makaranta, kada ka ɗauki ko ɗaya. Ka ɗaga sirdi yatsa guda. Ka zauna can baya. In babu mota ka riƙa yanka hanyar dama da hagu maimakon ka nufe ta kai tsaye. Kuma ni ba hawan ne ke hana ni sukuni ba, saukowar ce. Robar birkinka ta kwana biyu, ga shi ka ce ruwa ake yi kullum. Ka duba ta kafin ka duba komai.

Allah shi tsare.

Kawunka,
Lawal mai keke

Gembu, Asabar 9 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na ji daɗin jin kuna lafiya. Na yi ta dariya da labarin kajin.

Na bar littattafan, na ɗaga sirdin, robar birki ma na canza. Ranar Litinin na tunkari tudun.

Shugaba ya mai da abin kamar jarrabawa. Ya ce zai duba lokacin isowata kwana biyar a jere, in na makara fiye da sau ɗaya zai rubuta wa hukumar makaranta. Dabararka ta kai ni har kwana ta uku, wurin da ban taɓa kaiwa a kan keke ba, amma daga nan sai turawa. Na makara kwana huɗu.

Na faɗi, Kawu. Ƙafar ta kumbura tun ranar Laraba, takalmi ma ba ya shiga. Ban san yadda za ta kaya ba. Na roƙe shi ya ba ni zuwa tsakiyar watan gobe, ya ce to.

Ina ta tunanin in tattara in dawo, amma in na tuna yadda na sha yawon neman aiki ana kallon ƙafata kafin a kalli takarduna, sai in kasa. Ku dai sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Abdulfatah

Magama, Talata 12 ga Oktoba

Fatahu,

Salam. Muna lafiya. Kai fa?

Shafin farko na takardarka ya ƙare a kan ka tunkari tudun, na biyu ya fara da ka faɗi, ƙafa ta kumbura. Ina ka faɗi? A hawa ko a gangare? Wace ƙafar? In mai lafiyar ce ka gaya mini gaskiya. An duba ƙashin? Kai ya bugu? Ka rubuta layi biyu kamar wanda aka tsare da sanda, kai da ba ka gajiya da bayani. Na san halinka, in ka ce kumburi to karaya ce.

Ni na ce ka yanka hanya dama da hagu. Ni na haɗa keken. Tun jiya ban iya riƙe sifana ba.

Kada ka sake hawanshi sai kayan sun iso. Jibi Alhamis bayan asuba zan tsallaka. Akwai masu kai albasa da ke bi ta bayan Mazanya su ɓulla Ɗan Isa, zan bi su da tsohon kekena. Kwana biyu, in ya yi yawa uku. Na gaya wa Bilki, ta yi kuka, ta ce alkawarin fa? Na ce yaron Mutmainna yana kwance a ƙasar da ba shi da kowa, ni ina nan ina liƙa taya? Uwarka ɗiyar ƙanwar ubana ce, amma ita ta goye ni.

Ka je asibiti.

Lawal

Gembu, Juma'a 15 ga Oktoba

Kawu, don Allah kada ka je.

Ban faɗi daga keke ba. Wallahi ban faɗi ba. Jarrabawar da shugaba ya yi mini ce na faɗi, ta zuwa a kan lokaci. Na duba hoton da na tura wa Rahama, ƙasan shafin farko bai fito ba, layi biyar sun yanke, ni da hannuna na ɗauka haka ban duba ba. Kumburin na ƙafar hagu ne, na tafiyar ƙasa, irin wanda ka saba gani. Har ya saɓe.

Yanzu da rana takardarka ta shigo wayata, don Shamsu bai fito Katsina ba sai yau. Ka ce Alhamis. Yau Juma'a. Ina ta addu'a Allah ya sa wani abu ya tsare ka, ko masu albasan sun ɗaga, ko Inna ta ɓoye keken. Na roƙi Rahama kada ta jira bugawa, ta kwafa da biro ta ba duk motar da ta fara tashi.

In wannan ta same ka a gida, ka zauna. Aikin nan bai kai ba. In kuwa ka riga ka isa Maraɗi, to ba za ka gan ta ba ma, ban san wa nake rubuta wa ba.

Ka yafe mini.

Abdulfatah

Jibiya, Asabar 23 ga Oktoba

Yaya Abdulfatah,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da ka yi ta kira ba ka same ni ba, na baro Katsina tun ranar Talata, ina gida wurin Inna. Wannan Shamsu zai ɗauki hotonta ya tura maka in ya shiga inda akwai layi.

Baba bai dawo ba. Yau kwana tara.

Masu albasan sun dawo tun ranar Asabar waccan. Sun ce lafiya suka isa Ɗan Isa, ya wuce Maraɗi shi kaɗai, ya ce kada su jira shi. Mun sami wani ɗan canji da ke da hanyar aika saƙo can, ya tambayo mana. Malam Zunnuraini ya ce Baba ya kwana uku a wurinsa, ya tafi ranar Litinin da safe da ƙunshinsa a bayan keke, yana ta murna. Daga nan babu wanda ya gan shi.

An je asibiti, an tambaya a bakin iyaka, an bi ƙauyukan Kusa da Farfaru. Babu. Babu kuma wanda ya aiko daga 'yan bindiga a ce yana hannunsu. Wasu sun ce hakan alheri ne, wasu in sun ji sai su sunkuyar da kai. Baba Nagoggo yana zuwa kullum ya zauna a ƙofar rumfa. Mutane suna ta kawo kekuna suna jinginewa, sun kai ashirin, babu mai zuwa ɗauka.

Takardarka ta iso tun ranar Asabar waccan, sai da na zo na karanta wa Inna. Da na kai wurin da ka ce ba ka faɗi ba, sai ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ce, "Ashe ma lafiyarshi lau." Ta tashi ta shiga ɗaki. Kada ka ɗauka fushi take da kai. Ni ma ina da laifi, na ga shafin ya ƙare ba daidai ba, na ce a raina ai za a gane, ina saurin kada Shamsu ya tashi.

Mauludi ya zo ya wuce, ba mu ɗora tukunya ba. Inna ba ta cin abinci sai ruwan koko. Duk motsin keke a waje sai ta miƙe.

In an ji wani abu zan sanar da kai.

Ƙanwarka,
Rahama

Gembu, Lahadi 24 ga Oktoba

Zuwa ga Inna Bilki,

Assalamu alaikum Inna. Rahama za ta karanta miki. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da wannan hali da muke ciki.

Ban san da wane baki zan yi miki magana ba. Da ban rubuta takardar farko ba, da yanzu Kawu yana rumfarsa. Na san halinsa sarai, na san ba a gaya masa matsalar keke ya yi barci, amma na rubuta. Na ce shawara nake nema, alhali a zuciyata so nake ya yi abin da ya saba, ya gyara. Abin da kika faɗa gaskiya ne, lafiyata lau. Ina nan zaune da ƙafafuna yadda Allah ya bar mini su, shi kuwa ba mu san inda yake ba.

Na rubuta takardar ajiye aiki, ranar da zan tafi zan miƙa wa shugaba. Motar Jalingo tana tashi ranar Laraba, daga can in nemi ta Kano. In Allah ya yarda ranar Asabar ina Jibiya. Na san ba zan iya shiga daji neman mutum ba, amma zan iya zama a ofisoshi in yi ta tambaya har a gaji da ni.

Don Allah ki ci abinci, Inna. In ya dawo ya same ki a kwance ni zai tambaya.

Ɗanki,
Abdulfatah

Jibiya, Talata 26 ga Oktoba

Yaya, kada ka taso. Inna ta ce in gaya maka da bakinta: in ka bar aikin nan ba ta yafe ba. Ta ce mutum ya tafi saboda ka zauna a can, ba don ka dawo ba. Akwai wata mata mai fura daga Farfaru da ta zo ɗazu da wata magana, mai unguwa ya tafi dubawa. Ba zan ce komai ba tukuna, kada mu sa rai.

Rahama

Magama, Lahadi 31 ga Oktoba

Ɗana Fatahu,

Assalamu alaikum. Ni ne, ban mutu ba. Ranar Alhamis na dawo. Ina lafiya, Bilki ma ta fara cin tuwo, har ta samu ƙarfin yi mini faɗa. Rahama ke rubuta mini wannan, idona ne ya ɗan yi yaji.

An karanta mini takardunka. Ashe jarrabawa ka faɗi. Ka ga sharrin boko ke nan, mu nan in mutum ya ce ya faɗi to ƙasa ya sha. Na yi dariya har haƙarƙarina ya amsa. Kada ka ƙara cewa laifinka ne. Ni na karanta, ni na ɗauki keke.

Ga yadda aka yi. Zunnuraini yana nan, ya tsufa ƙwarai. Yana da wani ɗaki cike da gawar kekuna har rufi. Kwana uku muna fiddawa ɗaya bayan ɗaya, muna ƙirga haƙora. Ashirin da shida, ashirin da takwas, duk babu namu. Rana ta uku can ƙasa muka tarar da wani kore, irin na Turawan da ke yawon duniya da kaya, wilinshi ya lanƙwashe amma pinyon lafiya lau. Na ƙirga sau uku, talatin da biyu. Hannun ɗaga kacar ma dogo ne. Zunnuraini ya ce, "Lawali, wanga abu shekara talatin yana jiran ka."

Da zan dawo ban sami abokan tafiya ba, na biyo hanyar ni kaɗai da hantsi. Na kusa fita daji sai kawai na ji ni a ƙasa. Masu sintiri ne. Sun ce sau huɗu suna cewa in tsaya ina ta tafiya. Ta bayan kunnen dama suka fito, ina zan ji? Allah ne ya sa ba su harba ba. Suka kwance ƙunshin, suka ga ƙarafa a naɗe cikin tsumma da mai, ga kaca, ga waya, suka ce kayan gyaran bindiga nake kai wa mutanen daji. Ban ga laifinsu sosai ba, a makon an kashe musu mutum biyu. Suna tambaya ina cewa "Na'am?", su kuwa suna ganin raini ne.

Kwana goma ina wani ɗaki a sansaninsu. Abin da ya fi damuna, kullum ina hango ƙunshin a kan teburi ta taga, ina tsoron kada wani shi jefar. Sai Allah ya kawo Salmatu mai fura, matar wani da nake gyara wa keke. Ta hango ni an fito da ni alwala, ta saki ludayi ta ce, "Wannan ai Lawal mai keke ne, kurma ne!" Shekara goma ina faɗa da duk wanda ya ce mini kurma, ran nan kuwa na ji daɗin kalmar. Mai unguwa ya zo ya tsaya mini. Babbansu ya ce in nuna mishi amfanin kowane ƙarfe. Na jera su a ƙasa na yi mishi bayanin buhu da kwano. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba, saboda wannan ka shiga dajin nan?" Na ce saboda shi. Ya sa aka naɗe mini, ya ba ni ruwa.

Shamsu zai ba direban Jalingo ƙunshin, akwai lambarka a jiki. Ka saurara. Ka sa mai a ɗaurin, ka fara murɗawa da yatsu, in ya yi tauri ka koma baya, kada ka tilasta. Kacar na bar ta da tsawo, ka ɗora ta kan babban faranti da babban haƙori, ka ƙara gaɓa biyu sannan ka yanke. Ka daidaita ƙaramin sukurun ciki sosai, in ba haka ba kaca ta faɗa cikin wili ta kayar da kai da gaske. Kuma ka sauya giya tun kafin tudu shi kama ka, ba sai feda ta yi nauyi ba.

Takardar ajiye aikin nan, ka hura wuta da ita.

Kawunka,
Lawal

Yaya, ni ce Rahama, bai san na ƙara wannan ba. Ba ido ba ne. Da suka kayar da shi hannun dama ya shiga ƙarƙashin keke, yatsu uku sun karye, kwana goma babu ɗori. Mai ɗori ya ce sun riga sun kama a karkace. Jiya na leƙa rumfa na gan shi yana ƙoƙarin riƙe sifana tana zamewa. Ya ce in na gaya maka zai ɓata da ni.

Gembu, Talata 16 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawu Lawal,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da Rahama da Baba Nagoggo. A gaida mini Salmatu mai fura, a ce wani malami a Mambila yana yi mata addu'a. Ni lafiya lau.

Ƙunshin ya iso ranar Juma'a. Na daɗe ina riƙe da shi ban kwance ba. Ranar Asabar na ɗaura da kaina, ban bar kowa ya taɓa ba. Da yatsu na fara murɗawa, ya shiga sumul kamar da ma nan ne gidansa. Kacar ta ba ni wahala, sai da na yi sau biyu.

Jiya Litinin na fito ƙarfe bakwai saura kwata, akwai hazo. Na sauya giya tun a gadar rafi. Da farko har kunya na ji, ƙafafuna suna ta juyi keken yana rarrafe, wata tsohuwa da itace a ka muka jera da ita kusan minti biyu. Na wuce kwana ta biyu. Na wuce ta uku. A ta huɗu, inda ya fi tsayuwa, wilin gaba ya fara ɗagawa, numfashina ya ƙare, na ce shi ke nan. Na kwanta a kan keken na ci gaba da juyawa. Feda ba ta ƙage ba, Kawu. Ta yi nauyi amma ba ta ƙage ba. Ban sa ƙafa a ƙasa ba sai a ƙofar makaranta.

Minti arba'in da ɗaya. Ba a buga ƙararrawa ba. Na shiga ofis na sa hannu, ni ne na uku. Shugaba yana duba wasu takardu, ya ce, "Malam, ina kwana," bai ko ɗago ba. Babu wanda ya kalli ƙafata. Na wuce aji na share allo, na tsaya ina kallon bango har hawayen suka tsaya. Yau ma na hau.

Yanzu maganar da ta sa na ɗauki biro. Na san ba ido ba ne. Kada ka ɓata da Rahama, da ba ta faɗa ba ma zan gane, don kai ko da ido ɗaya sai ka rubuta da kanka. Ba zan ce ka yafe mini ba, ka hana ni. Akwai likitan ƙashi a Katsina da wani abokin aikina ya sani, na karɓi sunansa, ranar da na iso za mu je, ko kana so ko ba ka so.

Ana ba da hutu sha bakwai ga Disamba, mako uku. Rahama ta ce kekunan da ke jingine a rumfa sun haura talatin. Kada ka mayar wa kowa nasa. Ka sa a ajiye mini benci kusa da naka, ta gefen kunnen hagu. Kai ka riƙa faɗa, ni in riƙa ɗaurawa.

Ɗanka,
Abdulfatah